Maki Shidan Gawon Kurfai

SHAFI NA 31

Sallama gare ku masu karatu. Hafsat ta Tabla da ta ce na bar ta da ciwon kai, da ku 'yan Yamai masu cika mini waya da saƙon murya, duk na ji ku. Rezon waya ne ya yi mini gardama kwana biyu.

Wanda ya shigo yau kuma, ga inda muke. Kulob ɗin ƙwallon Filinge, Gawon Kurfai, ya gama gasar jiha yana na ɗaya. Sai aka fito da wata wasiƙa da ta isa ofishin ligi mai shirya gasar, ba a bayyana mai ita ba, tana cewa Gidaɗo, ɗan wasan gaban kulob ɗin, da takardar haihuwar wani yake wasa. Aka cire maki shida, Bonkuku ta haye sama. Kulob ya ɗaukaka ƙara, kuma yau Alhamis ake yanke hukunci a Yamai.

*

Tun da hantsi inuwar gawon da ke bakin fili ta cika.

Babu mai hayaniya. Tabarmi uku, benci guda da aka aro, butar shayi a kan gawayi. A tsakiya, kan wata kujerar roba, an jingina wayar Magagi da dutse, kowa yana satar kallonta.

Magagi shi ne shugaban magoya baya. Shekararsa sittin da bakwai, kuma shi ya haɗa ƙarafan ragar filin nan da hannunsa, zamanin da idonsa ke iya walda. Sirikinsa Naziru, sakataren kulob, shi ya tafi Yamai tare da Gidaɗo, ya kuma yi alkawarin kira da zarar an fito.

Zaidu mai sayar da kayan waya ya sake duba agogo.

"Baba Magagi, har yanzu shiru?"

"Shiru. Naziru ya ce sai wajen sha biyu za su shiga."

"Ƙarhe tara hwa anka ce."

"Yamai ce, Zaidu. Taransu ba irin namu ba ne."

Aka yi 'yar dariya, ta mutu da wuri.

Zaidu ya karɓi kofin shayi, bai sha ba.

"Ni dai na hwaɗa. In sunka hana mu makinmu, ran Lahadi motar Bonkuku ba ta sauke ko buhu guda cikin kasuwar ga. Mun yi magana da samari."

"Wa ya ce maka su ne?"

"Wa za shi ci riba in ba su ba?"

"Ka ga takardar?"

"Ba sai na gani ba, Baba."

Magagi ya kau da kai. Ya san samarin da Zaidu ke nufi. Ya kuma san matan Bonkuku da ke zuwa da gero da kaji duk Lahadi, waɗanda ko sunan kulob ɗin garinsu ba su sani ba.

A daidai lokacin Basiratu ta iso da kwanon kopto, kwaɗon zogale, a hannu. Ita ce 'yar Magagi ta biyu, matar Naziru, malama a lekkol, makarantar 'yan mata. Ta tsaya nesa da tabarma, kuma daga yadda ta tsaya za ka gane ta ji maganar Zaidu.

"Madam, sannu da zuwa," in ji Zaidu. "Maigida bai kira ki ba?"

"Bai kira ba."

Ta dubi ubanta.

"Baba, ina son ganinka. Cikin shago."

"Aje kwanon, in an jima na ci."

"Ba abinci ba ne, Baba."

Magagi ya dube ta da kyau. Sannan ya dafa gwiwa ya miƙe.

"Ku tsare mini wayar ga. In ta yi ƙara, ku kira ni. Kada wanda ya taɓa ta."

*

Tsohon shagon waldarsa yana bayan fili. Yanzu ba komai a ciki sai ragar kulob, da buhun farar ƙasa ta shata layi, da tutoci kore da fari.

Ya zauna kan buhun. Ita ta ƙi zama.

"Ina jin ki."

"Baba, ba 'yan Bonkuku ba ne."

"To."

"Ni na rubuta."

Can waje wani jaki ya yi kuka, ya yi shiru.

"Mi kika rubuta?"

"Wasiƙar. Da hannuna. Cikin aji, bayan an tashi ɗiya."

"Ke?"

"Ni."

"Naziru ya sani?"

Ta girgiza kai.

"Sati shida kenan ina dahwa mishi abinci yana zagin wanda ya rubuta, ina cewa Allah shi sawwaƙe."

Magagi ya cire hularsa, ya ɗora a gwiwa.

"Zauna, Basira."

"Baba..."

"Na ce zauna. Ba ni iya sauraren mutum yana bisa kaina."

Ta zauna kan wata tsohuwar taya.

"Hwaɗa mini tun daga farko. Kada ki yi sauri."

Ta goge tafin hannunta da gefen mayafi.

"Ka san Inna Hawa, uwar Gidaɗo. Ita ka kawo mini nono duk Talata, daga rugarsu."

"Na san ta."

"Ranar da munka ci Bonkuku biyu da ɗaya, washegari ta zo. Ta zuba nono, ta ƙi tashi. Na ce Inna, lahiya? Ba ki yi murna ba, ɗanki ya ci biyu? Sai ta ce, ɗiyata, wane ɗan?"

Magagi ya sunkuyar da kai.

"Ta ce tana tatsa, rediyon maƙwabta na buɗe. Ta ji mai magana yana ihu, Adamu Sidi, Adamu Sidi ya ci! Ta ce ƙwaryar ta suɓuce mata."

"Adamu..."

"Ɗanta na fari, Baba. Wan Gidaɗo. Wanda zazzaɓi ya ɗauka shekara tara da sunka wuce, suna hanyar dawowa daga kiwo."

"Na san labarin."

"Ta ce ita Bafillata ce, ɗan fari ne, kunya ba ta taɓa barinta ta kira sunanai ba. Yana raye ba ta hwaɗa ba, ya rasu ba ta hwaɗa ba. Shekara ashirin da wani abu sunan yana cikin bakinta a rufe. Yanzu ga shi cikin rediyo. Ga shi bisa riguna. Yara cikin kasuwa suna bin ta suna cewa ga uwar Adamu, ga uwar Adamu mai ci."

Basiratu ta dubi ubanta.

"Ta ce duk ranar wasa sai ta sake bizne shi."

Magagi ya ɗago.

"Mi ya sa ba ki gaya ma mijinki ba?"

"Na gaya mishi. Sau uku. Ya ce in bari a gama gasa, a gyara. Na ce gasa saura wata huɗu. Ya ce maganar balo ba tawa ba ce."

"Sai kika ɗauki bik kika rubuta."

"Ita ta roƙe ni. Ta ce ke kin yi lekkol, rubuta ma masu balo su maida ma yaron sunanai. Wallahi Baba, abin da na rubuta kenan. Ban ce a hukunta kowa ba. Na ce kuskure ne, a gyara suna. Ta dangwala yatsa, na kai tasha na ba direba."

"Ba ki san doka ba."

"Ban sani ba. Na ɗauka kamar lekkol ne, in an ɓata sunan ɗiya a kai takarda a gyara. Ran da anka ce an cire maki shida, ina cikin kicin na ji."

"Kuma kika yi shiru."

"Na ji tsoro."

"Yau mi ya buɗe bakinki?"

"Zaidu. Ba yau ya fara ba, amma jiya na ga samari suna tara tayoyi bayan tasha. Baba, in anka taɓa mutanen Bonkuku ran Lahadi, saboda ni ne. Ba ni iya ɗaukar wanga."

Ta rufe fuska da mayafi. Kukan ba mai sauti ba ne, kafaɗunta kawai ke motsi.

Magagi ya bar ta sai da ta lafa.

"Kin gama?"

"Na gama. Ka yi mini duk abin da ka ga dama."

"To ni ma ki saurara."

Ta ɗago.

"Kin san wa ya kai ma Naziru takardar Adamu?"

"Na ɗauka Gidaɗo ne."

"Gidaɗo bai iya karanta ta ba ma. Ni ne."

"Baba?"

"Ni na ga yaron ran kasuwa, yana buga balo da takalmin roba bayan turken shanu. Shekara arba'in ina kallon balo, ban ga ƙahwar hagu irin tashi ba. Na bi shi har ruga. Ba shi da takardar haihuwa, cikin daji anka haihe shi. Na tahi meri, ofishin magajin gari, anka ce sai an bi ta kotu, wata uku ko huɗu. Rajista kuma saura kwana tara a ruhe."

"Sai..."

"Sai ubansa, Sidi, ya shiga bukka ya hito da wata takarda cikin leda. Ya ce ta babban ce, da yake shi an taɓa sa shi lekkol. Ya ce in tana da amfani, ga ta."

Magagi ya juya hular a hannunsa.

"Na karɓa. Ina murna. Na ce ma Naziru sa hannu, shekara biyu ce tsakaninsu, wa za shi gane? Ya yi gardama, na ce ni ne ubanka ko kai ne ubana?"

"Ba ka tambayi Inna Hawa ba?"

"Tana zaune nan bakin bukka tana kallonmu. Ko gaishe ta ban yi da kyau ba. Raina yana ga takarda."

Basiratu ta kalli ubanta, kamar yau ta fara ganin furfurarsa.

"Sati shida," ya ce, "ina zaune ƙarƙashin gawo ana zagin Bonkuku, ni ma ina cewa Allah shi sawwaƙe."

Wata 'yar dariya ta kufce mata cikin hawaye. Shi ma ya murmusa, amma murmushin bai daɗe ba.

"Yanzu ya za mu yi, Baba?"

"Yanzu za mu yi salla. An kusa kira."

"Naziru hwa? In ya ji..."

"Za shi ji. Amma ba ke kaɗai za ki tsaya gabanai ba."

Ya mayar da hularsa, ya miƙe.

"Tana gari yau?"

"Wa?"

"Hawa."

"Tana bakin hanya, wajen masu nono. Tun sahe take nan. Ita ma jira take."

*

Bayan azahar, Magagi bai koma tabarma kai tsaye ba. Ya tsallaka titi.

Hawa tana zaune a inuwar katanga, ƙwaryarta rufe da faifai. Doguwa ce, siririya, idonta a kan fili. Da ta gan shi tafe sai ta gyara mayafi.

Ya durƙusa nesa kaɗan, abin da bai saba yi wa kowa ba.

"Sannu, Hawa. Ya shanu?"

"Lahiya lau. Ya jama'a?"

"Alhamdu lillahi. Basira ta gaya mini."

Ba ta firgita ba.

"Na ce mata ta hwaɗa tun tuni. Na ce ni babu abin da za a yi mini, tsohuwa ce."

"Ni na zo ne in ba ki haƙuri. Ni na ɗauki takardar."

"Na gani ai. Ina zaune."

"Ban tambaye ki ba."

"Ba ka tambaya ba."

Ta ɗaga faifan, ta kore ƙuda, ta mayar.

"Ba ni hushi da kai, Malam. Ka so yaron da alheri. Yanzu yana da takalmi, mutane suna gaishe shi. Ni dai wancan nake so a bari shi kwanta. Ya gaji."

Ta sake duban fili.

"Da gaske za a hana ku abin da kunka ci?"

"Mai yiwuwa."

"Saboda ni."

"A'a. Ba saboda ke ba."

"Shi ƙaramin, da za shi tahi Yamai ya zo ya yi mini sallama. Ya ce Inna, sun ce in an tambaye ni, in ce ni ne wancan. Ya zan yi?"

"Mi kika ce mishi?"

"Na ce ni ban san Yamai ba. Na ba shi fura."

Daga ƙarƙashin gawo aka ƙwala kira.

"Baba Magagi! Waya! Naziru ne!"

*

Kafin ya iso, mutanen sun ninka. Masu shaguna sun bar shaguna, masu amalanke sun tsaya. Basiratu tana can baya wajen mata, ta harɗe hannuwa a ƙirji.

Magagi ya zauna, ya danna, ya buɗe murya yadda kowa zai ji.

"Salamu alaikum, Naziru. Duk gari na jin ka."

"Wa alaikumus salam, Baba. Mun hito."

Muryarsa a gajiye take. Ana jin ƙarar motoci a bayansa.

"An yanke?" in ji Zaidu.

"Tukuna. Sun ce mu jira waje, minti talatin."

Aka saki numfashi.

"To ya ta kasance?" Magagi ya tambaya.

"Da farko lahiya lau. Lauyanmu ya yi magana mai kyau. Ya ce wasiƙa ba hujja ba ce, ga lisans ɗin ɗan wasa, ga hoto, ga hatimi. Na ga biyu daga cikinsu suna gyaɗa kai. Wallahi Baba, na ce mun ci."

"Sannan?"

"Sannan shugabar kwamitin, wata dattijuwa mai tabarau, ta ce ita tambaya guda gare ta. Ta ce ma Gidaɗo shi tashi. Ta yi mishi Hausa. Ta ce, ɗana, mi ne sunanka?"

Babu wanda ya motsa. Har mai shayi ya tsaya da buta a sama.

"Mun yi ta maimaitawa da shi cikin mota tun daga Baleyara, Baba. Ya haddace. Sunan, da shekara, da komi."

"Mi ya ce?"

"Ya daɗe tsaye. Ya dube ni. Sannan ya ce, sunana Gidaɗo. Adamu wana ne, ya rasu, ni na riƙe mishi kai har ya cika."

Wani ya ce innalillahi a hankali.

Zaidu ya dafe kai da hannu biyu.

"Ya kashe mu! Yaron ga ya kashe mu!"

"Zaidu," in ji Magagi, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Zauna."

Ya zauna.

"Ina shi Gidaɗon?"

"Ga shi nan zaune bisa matakala. Bai ce komi ba tun da munka hito. Amma ya ci abinci, Baba. Kwana biyu bai ci ba, yanzu ya ci."

Magagi ya waiga tsallaken titi. Hawa ta miƙe tsaye, hannunta a kan katanga. Ba ta jin abin da ake faɗa daga can, fuskokin mutane kawai take karantawa.

"To ba komi," ya ce. "Mu jira minti talatin ɗin."

"Ba komi?" Zaidu ya sake zabura. "Baba, shekara goma sha ɗaya muna neman hawan ga zuwa babbar gasa! Ko yaro ya yi gaskiya ko bai yi ba, wa ya kai mu can? Ba munahukan Bonkuku ba? Naziru, ka ga takardar? Hwaɗa muna sunan wanda ya sa hannu, mu san shi!"

"Hwaɗa muna!" wasu suka amsa.

Wayar ta yi shiru. Sai ƙarar motocin Yamai.

"Naziru, kana ji na?" in ji Magagi.

"Ina ji, Baba."

"Sun nuna maka?"

"Sun nuna mini. Sun aje ta gabana."

Muryarsa ta canja, ta yi ƙasa.

"Baba, don Allah ruhe muryar ga. Ka sa wayar ga kunnenka. Magana ce ta ni da kai."

Kowa ya dubi Magagi.

Can baya, Basiratu ta saki hannuwanta. Ta fara ratsowa ta cikin mata, a hankali, idonta a kan kujerar roba. Matan suna matsa mata ba tare da sun san dalili ba.

Magagi ya ɗaga mata hannu, alamar ta tsaya inda take.

Bai rufe muryar ba. Ya ɗauki wayar, ya miƙe tsaye a tsakiyar jama'a, ya cire hularsa.

"Bar ta buɗe, Naziru. Na san rubutun da ka gani."

"Baba..."

"Zaidu, ka ce ma samarinka su watsar da tayoyin nan. Babu hannun Bonkuku ciki."

"To hannun wa?"

Magagi ya dubi fuskokin da ya sani tun suna goye, ɗaya bayan ɗaya.

"Takardu biyu sunka kai mu Yamai," ya ce. "Duk biyun daga gidana sunka hito."